Ɗorawar da Ke Shafi na Uku

A shekarar da masu awo suka fara kafa turakun siminti a gonakin bayan Orozo, ina zaune a Jikwoyi, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a cikin babban birnin ƙasa. Aikina rubutu ne. Ni ke rubuta jawabin da oga zai karanta, da sanarwar da za a aika gidajen rediyo, da fassarar takardun da babu mai buɗewa. Na daɗe ina wannan aiki, amma ban taɓa ganin fuskar mutum yana karanta abin da na rubuta ba, in ka ɗebe ogan, shi ma rabin hankalinsa na kan agogo.

Wata maƙwabciyarmu ce ta jawo ni cikin maganar manoman. Tsohuwar hedimasta ce da ta yi ritaya, 'yar asalin yankin, kowa Malama yake ce mata domin rabin mutanen ƙauyukan nan sun sha bulalarta. Wata Asabar ta yi sallama a ƙofarmu, ta ce ta ji ina da kwamfuta kuma na iya Hausa. Na ce Hausa kam a Kano aka haife ni. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, tana so ta san ko ina da lokaci.

Ga yadda abin yake. Wani kamfani ya zo da takarda ya ce an ba shi filin zai gina rukunin gidaje. Manoman suka ce a nan aka binne kakanninsu, suka kafa rumfa a bakin hanyar da ke shiga gonakin, suna zaman gadi gida-gida don kada katafila ta wuce. Hanyar ɗaya ce, gefenta guda rafi, ɗaya gefen gonaki. Saboda haka suka yi wa juna alkawari cewa babu gidan da zai sa hannu a takardar kamfani shi kaɗai, don in gida ɗaya ya saki gonarsa, katafila ta sami ƙofa, rumfar ta zama ta shan iska. Manyan jaridu sun zo sau ɗaya, suka koma suka rubuta cewa wasu 'yan kama-wuri-zauna ne ke hana ci gaba. Abin da ya harzuƙa Malama ke nan ta ce su ma za su yi tasu.

Jaridar takarda ɗaya ce babba, a ninke ta biyu ta zama shafi huɗu. Aikin sa-kai ne duka. Ranar Asabar a yi fotokwafi a wani shago a Jikwoyi, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, kafin la'asar, a taru a gindin mangwaron da ke kusa da rumfar, Malama ta karanta da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ta kafa doka guda, ba a sa sunan kowa a ƙarƙashin rubutu, don kada kamfani ya san wanda zai bi da sammaci. Na yaba da dokar a baki, amma ko a ranar sai da ta ɗan sosa mini rai.

Ni aka ba shafin farko, kuma na ɗauke shi da hannu biyu. Na yi bayanin dokar filaye, na kawo tarihin yadda aka yanki birnin, na jera hujja bisa hujja. Wani lokaci sai in karanta wa kaina jimla guda sau uku don daɗinta. A raina na gama yanke cewa Allah ne ya jefo wa mutanen nan ni.

Shafi na uku na wani ɗan acaba ne. Manomi ne ɗan ƙauyen, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da damina yana gona, sauran lokaci yana jigila tsakanin Orozo da Karshi a kan wani babur da aka ɗaure fitilarsa da roba. Karatunsa bai wuce firamare ba, kuma ko biro ba ya riƙewa. Saƙon murya yake turo mini ta waya, ni in zauna in buga. Kowane mako gona ɗaya yake ɗauka, ya faɗi inda ta fara da inda ta ƙare, da itatuwan da ke ciki, da wanda ke kwance a ƙarƙashin ƙasarta. Lauyan da ke taimaka wa manoman yana tara waɗannan shafuka a fayil, ya ce za su yi amfani a kotu wajen nuna cewa mutanen sun daɗe a wurin. Ni dai a lokacin ban ga abin rubutu a ciki ba, na ɗauka ciko ne.

Lahadin farko da na je sauraro na sa farar shadda har da hula zanna, na zauna a benci na gaba. Malama ta gyara gilashinta ta fara shafina. Kafin ta kai tsakiya wani ya nemi ruwa, wata ta tashi korar akuya, wani dattijo a gefena ya ninke jaridar yana fifita da ita, da ainihin shafin nawa. Da ta gama suka ce madalla, irin madallar da ake yi wa liman in ya tsawaita huɗuba. Sai ta buɗe shafi na uku.

“Gonan nan ya fara daga dutse mai kama da akuya a kwance. In ka tsaya a wurin ka ba rafi baya, za ka ga mangwaro biyu. Babban, uban mai gona ya shuka ranar da ya dawo daga soja. Ƙaramin ba a san wanda ya shuka ba, yara suna cewa biri ne.”

Wurin ya yi tsit. Mai fifita ya sauke hannu, ya warware jaridar yana miƙar da ninkin da ya yi mata a kan cinya. Mai gonar da ake magana a kai ya miƙe tsaye yana cewa haka ne, haka ne, idonsa ya kawo ruwa. Da aka tashi, duk da babu suna, kowa ya nufi ɗan acaba, wannan ya dafa kafaɗarsa, waccan ta cusa masa gyaɗa a aljihu. Ni kuwa aka ce mini sannu Oga, aka nuna mini inda zan bi in kauce wa taɓo.

Ba zan ɓoye ba, kyashi ne ya kama ni, tun daga ranar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yatsuna nake buga kalmomin nan. Na san su kafin kowa, na san inda ya yi tari, da inda wani ya tsayar da shi yana tambayar ko zai je Karshi. Hausarsa ma ta kasuwa ce, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace, ga Turanci jefi-jefi a tsakiya. Sau ɗaya na gwada goge masa ita, Malama ta dawo mini da takardar ta ce in mayar yadda ya faɗa. Na mayar ina cika ina batsewa.

Har gida abin ya biyo ni. Wata Asabar na ajiye kwafi a kan tebur, na shiga wanka, na fito na tarar da matata ta buɗe tsakiya tana murmushi.

“Baban yara, yau kam ka yi rubutu,” in ji ta. “Wannan na matar da ta binne cibiyar 'ya'yanta duka a gindin kaɗanya ɗaya, har sai da na ji ƙwalla.”

“Ba ni na rubuta ba,” na ce.

“Au.” Ta juya shafin farko, ta ɗan duba sama-sama. “To ai wannan ma ya yi. Akwai ilimi a ciki.”

Ranar ko tuwon kirki ban ci ba, na ce mata miyar ta yi gishiri.

Daga nan na fara neman laifin ɗan acaba, kuma na samu. Kullum a makare yake. Ni tun Laraba na gama nawa, shi sai safiyar Asabar saƙonsa zai shigo, mai fotokwafi na kira, ni ina buga rubutu da gumi. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce in zo in ga dalili, ya ɗauke ni a babur wata ranar hutu da hantsi zuwa gonar mako mai zuwa. Mai gonar na jiranmu, amma bai fara komai ba sai da aka kira maƙwabcin gabas da na yamma. Muka bi iyakar da ƙafa, mu biyar a jere, a cikin rana. A kowace kusurwa sai a tsaya, mai gona ya nuna, ɗan acaba ya juya ya dubi maƙwabcin har sai ya ce haka ne. A wani wuri dattawan suka shafe kusan awa guda suna gardama da yarensu na Gbagyi a kan wani suri, ɗan acaba kuwa ya tsuguna yana tsinkar ciyawa. Takalmina ya cika da ƙasa, wuyana ya ƙone.

A hanyar dawowa na ce masa, “Yanzu duk wannan wahalar don layi talatin? Ai mai gona ya san gonarsa. Ka tambaye shi ka rubuta mana.”

Ya ɗan juyo, iska na kwasar muryarsa. “Oga, in mutum ɗaya ya nuna maka iyaka, ba ka ji komai ba tukuna. Sai maƙwabci ya tsaya a wurin da ƙafansa ya ce haka ne. Takardan nan fa suna ajiyewa a leda, a ƙarƙashin katifa. Wurinsu kaman satifiket ne.”

Na ce to. A zuci kuwa na ce hira ce kawai ta mutanen ƙauye da ba su san darajar lokaci ba, kuma in wannan ne sirrin, to babu wani sirri. A ba ni gona ɗaya da yini ɗaya, in nuna musu yadda ake yi.

Ba a jima ba dama ta samu. Matarsa ta haihu a gidan iyayenta a wani ƙauye ta wajen Bwari, ya tafi zai yi mako. Ya kira ni ya ce a cike shafinsa da sanarwa, in ya dawo zai ci gaba. Na yi masa barka, na ce kada ya damu. Na san gonar da ke kan layi, ta wani dattijo ce manomin doya, wanda ya daɗe yana tambayar yaushe za a zo kansa. Ranar Alhamis na ce wa ofis ba ni da lafiya, na sa tsohon takalmi, na tafi.

Dattijon ya yi murna har ya rasa inda zai ajiye ni. Ya zaga da ni cikin kunyoyin doyarsa, ya nuna mini kabarin mahaifinsa da na wata ƙanwarsa da ta rasu tana goyo, ya ba ni labarin shekarar da rafi ya cika ya kwashe masa rumbu. Ina ta rubutu a littafi cikin zumuɗi. A ƙarshen gonar ta yamma akwai wata ƙatuwar ɗorawa, muka zauna a inuwarta muka huta. Na tambaye shi ko ita ma a gonarsa take. Ya ce a gonarsa take, tun yana yaro yake shan inuwarta.

Can nesa kaɗan, a gonar da ke maƙwabtaka, wata dattijuwa na duƙe tana cirar ciyawa. Dattijon ya nuna ta da haɓa.

“Ba za ka kira ta ba? Shi yaron yana kiran kowa.”

Na duba agogo na ce, “Baba, lokaci ya ƙure. Ai ka faɗa mini komai.”

Ya ce to, ku ne masu ilimi.

Kwana biyu na yi a kan rubutun. Na kwaikwayi muryar ɗan acaba tsaf, har karyayyar Hausarsa na ara, ina yi ina jin haushin yadda abin ya fi ƙarfin yadda na zata. Da na zo kan ɗorawar sai alƙalami ya ɗebe ni. Na rubuta cewa ita ce uwar gonar, ɗorawar gidan dattijon tun kaka da kakanni, wadda kalwarta ta ƙosar da tukunyar gidansu da daddawa shekara da shekaru. Babu wanda ya faɗa mini haka. Na ga itace a gonar mutum, na ba shi, kamar yadda kowa zai yi a garinmu, kuma jimlar ta yi daɗi ƙwarai.

Ranar Asabar a shagon fotokwafi Malama ta ga shafi na uku a cike ta ce, “Ashe ya samu ya aiko?”

“Ga shi nan dai,” na ce, ina gyara takardu a bakin inji.

Shirina mai sauƙi ne. In an karanta, wurin ya yi tsit, an fara neman wanda za a dafa, sai in miƙe in ce mai shafin ba ya nan, ni na ɗan taimaka. Har yadda zan sunkuyar da kai na gwada a gaban madubi.

Lahadi aka taru fiye da kullum. Malama ta wuce shafina na farko, ko a jikina, yau ba shi nake jira ba. Ta buɗe na uku ta fara. Ana cikin haka sai ga ƙarar babur, ɗan acaba ya dawo kai tsaye daga Bwari, ƙura har gira. Ya kashe injin ya tsaya a baya, ya jingina da babur ɗin. Na ga ya karkata kai yana sauraro, fuskarsa ta canza, amma na kawar da ido.

Shirun da nake nema na same shi. Na ji shi ya sauko a kan mutanen nan tun daga kabarin ƙanwar dattijon, har wata mai jariri da ke kuka ta toshe masa baki da nono. Kalmomina ne, nawa na kaina, a bakin Malama, kuma babu mai fifita. Tsigar jikina ta tashi. Sai dai duk wanda ya juya, baya yake juyawa, wajen babur, ana gyaɗa masa kai ana murmushi. Wani ma ya ce wannan ya fi na kullum. Cikin daɗi da haushi na dafa benci zan miƙe tun kafin a ƙarasa.

Wata ta riga ni miƙewa. Dattijuwar nan ce da na hango a duƙe ranar Alhamis, yanzu cikin zanen coci, doguwa, busasshiya. Malama ta kai kan ɗorawar ke nan. Dattijuwar ta ɗaga hannu, Malama ta tsaya. Ba ta dubi dattijon ba, ba ta dubi Malama ba, ta juya baya ta fuskanci ɗan acaba. Da Hausa ta yi maganar, ina jin don kowa ya ji, har da mu baƙi.

“Ɗana, yaushe ka taka wannan iyaka? Ina nake ranar?”

Ta ci gaba da magana.

“Uwar mijina ta ga ɗorawan nan yana tsiro, bai kai gwiwa ba. Ita ta kewaye shi da ƙaya don akuya. Ƙasa na Baba ne, ban taɓa musu ba. Itace namu ne. Kowa a nan ya sani, wanda ya kewaye shi ke da itace, ko a gonan wa ya fito. Tun ina amarya nake kwasan kalwansa. Da shi na rufe wa yaran nan asiri bayan ubansu. Yau ka sa a takarda na wani ne?”

Dattijon ya miƙe yana rantsuwa shi bai taɓa cewa nasa ne ba, inuwa kawai ya ce yana sha. Ya fara waige-waige, na tabbata ni yake nema, kuma saura ƙiris ya nuna ni. Hannuna na kan benci har yanzu, amma ban miƙe ba.

Ɗan acaba ya dube ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawa biyu ba. Sannan ya yi wa dattijon wata gajeriyar magana da Gbagyi, dattijon ya koma ya zauna. Ɗan acaba ya ratso mutane, ya cire hular kwano, ya durƙusa a gaban matar a kan gwiwa biyu.

“Mama, na yi kuskure. Ban taka ba. A yafe mini, za a gyara.”

“An riga an buga,” in ji ta. “Yana hannun kowa. Gobe yana hannun lauya. Ni na goya ka ranar da uwarka ta kwanta ciwo, in kai za ka ba da itacena a takarda, to me ya rage wa kamfani?”

Ta ajiye jaridar a ƙasa a gabansa, ta fita. 'Ya'yanta maza suka bi ta, sai ƙannen mijinta, sai matansu. Benci biyu suka zama wayam. Malama ta ninke tata jaridar ba ta ƙarasa ba, aka watse kafin kiran la'asar. Ni ma na bi ayari na sulale, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Mako na gaba aka buga gyara, a shafin farko, da manyan baƙaƙe, aka cire tsohon daga fayil ɗin lauya. Ɗan acaba ya je gidan dattijuwar sau uku da dattawa. Amma ashe babban ɗanta ya daɗe yana son sa hannu a takardar kamfani, ita ce ke riƙe da shi, tana cewa ba za ta kunyata mutanenta ba. Yanzu ta sake shi. Kafin doya ta isa haƙa, katafila ta shiga ta gonarsu, ta zagaye rumfar ta baya. Ba a rasa komai duka ba, shari'a na kotu har yanzu, wasu gonakin na nan ana nomawa. Amma alkawarin nan na gida-gida bai sake komawa yadda yake ba.

Shafi na uku kuwa ya mutu. Babu wanda ya sake yarda a taka masa iyaka. Aka riƙa cewa yaron nan ya ga suna, kansa ya kumbura, har yana rubuta gona daga ɗakin surukai. Wasu suka ce kamfani ne ya saye shi. Mutanen ƙauyen suka daina hawa babur ɗinsa, sai da ya bar tashar Orozo ya dawo mahaɗar Jikwoyi inda ba a san shi sosai ba. Duk wannan a kunnena, kuma na ci gaba da rubuta shafin farko kamar ban san komai ba. In na ce ban ji kunya ba na yi ƙarya, amma kunyar ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

Malama ce ta tare ni wata Asabar bayan mai fotokwafi ya fita sayen takarda. Ta ce dattijon ya faɗa mata komai tun washegari, kuma ɗan acaba ya roƙe su su biyun kada su gaya wa kowa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire gilashinta tana gogewa da gefen mayafi, ta ce, “Malam, ka je ka same shi. Ni na gaji da ganin fuskarka haka.”

Na same shi da rana tsaka a mahaɗar, a layin 'yan acaba, yana zaune a kan babur yana cin gasasshiyar masara. Ya gan ni ya karya rabi ya miƙo mini. Na karɓa na riƙe. Jawabin da na shirya a hanya duk ya zube, abin da ya fito kawai shi ne, “Me ya sa ba ka ce ni ne ba?”

Ya tauna ya haɗiye tukuna. “Oga, in na ce kai ne, za su ce ashe baƙo ke rubuta mana gonaki a ofis. Duk na baya ma za su ce haka aka yi. Wanda ke hannun lauya, wanda ke ƙarƙashin katifa, duka ya zama takardan banza. Ni in na yi kuskure, ɗansu ne ya yi kuskure sau ɗaya. Za su yi fushi, wata rana za su huce.”

“In na je yanzu na faɗa fa?”

“Kada ka je. Ka bar shi haka, don Allah.” Ya jefar da totuwar a kwata, ya goge hannu a wando. Sai ya yi 'yar dariya. “Amma fa rubutun ya yi daɗi, wallahi. Ina tsaye a baya ina cewa yaushe na iya haka? Da ka kira Mama ranar, da ya fi nawa duka.”

Allah ya sani, da ya faɗi haka sai da na ji wani sanyi a zuciyata, kuma na tsani kaina saboda sanyin. Na tsaya riƙe da masara ina kallon mutumin nan da aka kora daga tasharsa a kan laifina, sai na tarar kyashin na nan daram, ya ma ƙaru. Shi yana da mutanen da za su yi fushi da shi har su huce. Ni a duk yankin nan babu wanda ya ɗauke ni nasa balle ya yi fushi da ni.

Muna nan sai ga wani dattijo daga ƙauyen ya sauko daga mota da buhun taki a kafaɗa, ɗaya daga cikin masu zama a bencin gaba ranar Lahadi. Ɗan acaba ya yi sauri ya tayar da babur, ya ce, “Baba, sannu da hanya. Kawo kaya.” Dattijon ya wuce shi kamar bai ji ba, ya ɗora buhunsa a babur na gaba. Sai ya hango ni. Ya dawo da baya, ya kama hannuna da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

“Oga mai jarida! Sannu da ƙoƙari. Kai baƙo ne amma ba ka taɓa cutar mu ba. Allah ya saka.”

Ɗan acaba ya kashe injinsa, yana kallon titi. Na ce amin, Baba, a gai da gida.